Yadda Ake Kafa Shirin Kula da Damuwar Ma'aikata: Jagora ga Ofisoshi, Makarantu da Asibitocin Masarautar Gumel

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, galibin masu ɗaukar albashi malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da na sakatariya, sai jami'an kwastan da na shige-da-fice da ke bakin iyaka, da ma'aikatan Kwalejin Ilimi ta Gumel. Idan zazzaɓi ya kwantar da ɗayansu, kowa ya san abin yi: a kai shi asibiti, a je dubiya, a riƙe masa aikinsa har ya miƙe. Amma idan damuwa ce ta kama shi, barci ya ƙaurace masa, ya fara makara, ya daina shiga mutane, abin da ya fi saurin iske shi shi ne takardar tuhuma daga ofishin oga da tsegumin abokan aiki. Kafin a farga, ma'aikacin da ya yi shekara goma sha biyar ba a taɓa kuka da shi ba ya zama abin nuni.

Manyan ma'aikatu a duniya sun daɗe da samar wa wannan matsala tsari, wanda ake kira shirin taimakon ma'aikata. Ma'aikata ce ke ɗaukar nauyi, ma'aikaci kuma ya samu wanda zai zauna da shi a asirce, kyauta, na 'yan makonni, idan abin ya fi ƙarfin shawara a miƙa shi ga likita. A Amurka aka fara, cikin shekarun 1940, lokacin da kamfanoni irin su DuPont da Eastman Kodak suka ga ya fi musu sauƙi su taimaki ma'aikacin da giya ta ɗaure da su kore shi su koya wa sabo aiki. Daga shekarun 1970 aka faɗaɗa shirin ya haɗa da bashi, rikicin iyali da baƙin cikin rashi. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa ciwon damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki kimanin biliyan 12 a duk shekara, kuma kashi 15 cikin 100 na mutanen da ke shekarun aiki suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa.

A nan yankin babu kamfanin da za a ɗauko ya yi wannan aiki, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, yawancinsu a manyan birane. Duk da haka ginshiƙan shirin guda uku suna hannunmu: amintaccen abokin aiki da aka koya wa sauraro, sirrin da ba ya fita, da sanin inda shawara ta tsaya aikin asibiti ya fara. Ga yadda ake haɗa su.

Mataki na farko: a tambayi ma'aikata abin da ke damunsu

A kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar: wakilin shugabanni, wakilin ƙungiyar ma'aikata (NUT a makaranta, NULGE a sakatariya, ƙungiyar ma'aikatan lafiya a asibiti), mace ɗaya aƙalla, ma'aikacin lafiya ɗaya, da ƙaramin ma'aikaci ɗaya kamar direba, masinja ko maigadi. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci, don ƙananan ma'aikata su ne suka fi shan wuya, su ne kuma ba a cika jin ta bakinsu ba.

Aikin kwamiti na farko shi ne ya raba takarda marar suna mai tambayoyi uku: Me ya fi hana ka barci a watannin nan? Me za a gyara a wurin aikin nan ka ji sauƙi? Wa ka yarda da shi a cikinmu har za ka iya gaya masa damuwarka? A ajiye akwati a inda oga ba ya ganin mai jefawa. Wanda ba ya rubutun boko ya rubuta da ajami, ko ya faɗa wa wanda ya amince da shi ya rubuta masa.

Amsoshin ba za su ba kowa mamaki ba. Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na cefane sun sha gaban albashi, ga bashin banki da ake cirewa tun kuɗin ba su shigo hannu ba. Malamin da aka tura ƙauye mai nisa a Sule Tankarkar ko Gagarawa yana ƙona rabin abin da yake samu a man babur. Ma'aikaciyar jinya tana jera dutin dare ba mai karɓar ta. A Maigatari, rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun taɓa har masu albashi, domin 'yan'uwan da ke ci daga kasuwar Alhamis sun dawo kansu. Ƙara da jiran ƙarin girma, da damina mai gardama ga wanda ya zuba albashinsa a gonar gero ko riɗi.

Sai kwamiti ya kasa amsoshin kashi biyu: waɗanda gyaransu ke hannun shugaba, da waɗanda mutum ke buƙatar abokin shawara a kansu. Kada a haɗa su. Wanda aka ɗora wa aikin mutum uku, rage masa aikin shi ne maganinsa, nasiha ba za ta sauke masa nauyin ba.

Mataki na biyu: zaɓen amini

Mutumin da zai riƙa zama da masu damuwa shi ne aminin ma'aikata. Sunayen da suka fi fitowa a amsar tambaya ta uku su ne 'yan takara, ma'aikata kuma su zaɓa ta ƙuri'ar sirri. Ana neman mai haƙuri, marar yawan surutu, wanda ba a taɓa jin maganar wani a bakinsa ba, kuma wanda ba ya cikin wani ɓangare a rikicin ofis ko na siyasa. Ba a ba shugaba wannan aiki, haka ma duk wanda ke riƙe da fayil ɗin ma'aikata, biyan albashi ko ƙarin girma, ko da ya fi kowa kirki. Ba mai buɗe cikinsa ga wanda ke iya jinkirta masa girma. A samu namiji da mace, domin akwai maganar da mace ba za ta yi da namiji ba, kuma mijinta ma zai fi natsuwa. Wurin da ma'aikata ba su da yawa, kamar firamaren ƙauye ko ƙaramin asibitin mazaɓa, wurare uku ko huɗu na iya haɗa amini ɗaya.

Kyakkyawan hali shi kaɗai bai isa ba, sai da horo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin mhGAP a 2008 don koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko gano lalurorin ƙwaƙwalwa, kuma Nijeriya ta karɓe shi. A 2016 Hukumar ta fitar da wani tsari mai suna PM+, wanda aka shirya musamman don mutanen da ba likitoci ba: horon kusan kwana 10 a aji, sai gwaji a ƙarƙashin mai dubawa. An jarraba shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, ya yi amfani. A Harare ta Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, binciken da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Saboda haka kwamiti ya rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko Babban Asibitin Gumel, ya nemi a haɗa shi da ma'aikacin jinya da ya karanci fannin ƙwaƙwalwa, wanda zai horar da aminai ya kuma riƙa zama da su sau ɗaya a wata. A wannan zama ana tattauna matsaloli ba tare da ambaton suna ba, aminan ma su sauke nasu nauyin.

Mataki na uku: ɗaure sirri

A gari irin Gumel ko Gagarawa, abokin aikinka shi ne maƙwabcinka, shi ne surukin ƙaninka, tare kuke sahu a masallaci. Magana ɗaya ta fita, shirin ya mutu, kuma ba zai sake tashi ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a kan wannan ne aikin amini ya dogara. A rubuta ƙa'idojin nan, shugaba ya sa hannu, a karanta su a taron ma'aikata:

1. Amini ba ya gaya wa kowa wanda ya zo wurinsa, har da shugaba, har da matarsa ko mijinta a gida.
2. Ba a rubuta suna a littafi. Kowane mai zuwa lamba ake ba shi, littafin kuma yana cikin akwati mai makulli.
3. Abin da aka faɗa a zama ba ya shiga fayil, ba ya zama hujja a gaban kwamitin ladabtarwa.
4. Ba a tattauna matsalar kowa a WhatsApp, ko da an sakaya suna.
5. Sirri yana da iyaka ɗaya: idan rai na cikin haɗari, na mai maganar ko na wani. Ana gaya wa mutum wannan tun a zaman farko.

Wurin zama ma ya dace da sirrin. Ɗakin da aka liƙa wa allo mai ɗauke da sunan shirin ba mai shiga. A zaɓi wurin da mutane ke shiga don wasu buƙatu, kamar ɗakin karatu, ofishin ƙungiya ko gindin bishiya a bayan makaranta bayan an tashi. Wanda ya fi son waya, a yi ta waya.

Mataki na huɗu: yadda ake zaman

Tsarin PM+ zama biyar ne, ɗaya a mako, kowanne minti 90. A wurin aiki ana iya taƙaita shi zuwa awa ɗaya, amma a kiyaye jerin.

Zaman farko na sauraro ne. A ɗauka malamin firamare ne ya zo, mai shekara hamsin da 'yan kai, aminin kuma ƙaninsa ne a shekaru. Bayan gaisuwa ta cika, an tambayi iyali da gona, sai amini ya kashe wayarsa a gaban malamin, ya kife ta a kan tabarma, ya ce:

"Malam, duk abin da za ka faɗa a nan zai tsaya. Abu ɗaya ne kawai zai sa in nemi taimakon wani, shi ne in na ga ranka ko na wani na cikin haɗari, kuma ko shi sai na gaya maka tukuna."

Malamin zai yi shiru, ya ce, "To, ai ba wani abu ba ne, sai godiyar Allah. Barci ne dai ba na samu."

"Allah ya sawwaƙe. Tun yaushe, Malam?"

"Tun bayan Babbar Salla. In na farka ƙarfe biyu, shi ke nan, sai lissafi har a kira assalatu."

"Lissafin me ya fi zuwa maka?"

Daga nan magana ke buɗewa. Amini ba ya katse shi, ba ya gaggawar cewa "ka yi haƙuri", ba ya kawo labarin wanda ya fi shi shiga uku. Idan malamin ya yi shiru, a bar shirun ya yi aikinsa. Yawancin mutanenmu da ciwon jiki suke fara bayani: ciwon kai, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba, kasala, zafin jiki marar zazzaɓi. A karɓi wannan yadda ya zo, sannan a yi tambayoyi biyun da likitoci ke fara tantance ciwon damuwa da su: a makonni biyun nan, kana yawan jin ƙunci ko yanke ƙauna? Abubuwan da kake jin daɗinsu a da sun fita ranka? Wanda ya amsa e ga ɗayansu, kuma kusan kullum haka yake ji, a shawarce shi ya ga ma'aikacin lafiya tare da ci gaba da zaman.

Kafin a tashi, a koya masa numfashin kwantar da hankali. Ya zauna daidai, ya saki kafaɗu, ya ɗora hannu a ciki. Ya ja iska ta hanci a hankali yana ƙirga uku har ya ji cikin ya taso, ya sake ta yana ƙirga uku. A yi haka minti biyu tare. Fargaba tana sa mutum gajeren numfashi na sama-sama, wanda ke ƙara bugun zuciya da jiri. Jan numfashi a hankali yana mayar da jiki daidai. Ya riƙa yi safe da dare, da duk lokacin da ya ji gabansa na faɗuwa.

Zama na biyu na warware matsala ne, kuma nan ne aka fi ganin amfanin shirin. A ɗauko takarda a jera duk abin da ke damunsa: bashin banki, kuɗin makarantar yara, rashin lafiyar mahaifiya, saɓani da hedimasta, auren 'ya da ke tafe. A ware waɗanda ba su da mafita a yanzu. A zaɓi ɗaya, mai ɗan sauƙi, a fayyace shi sosai. "Talauci" ya yi faɗi. "Bashin mai shago na dubu 40 da ya sa nake canza hanya" shi ne abin da za a iya kamawa. Sai malamin da kansa ya kawo duk dabarar da ta zo masa, mai kyau da marar kyau, amini yana rubutawa: sayar da tunkiya, karɓar adashi da wuri, rance daga asusun ƙungiya, zuwa wurin mai shago a roƙi biya kashi huɗu. Shi zai zaɓa, a kuma sa rana da lokaci: ranar Asabar bayan la'asar zai je shagon da dubu 10 a hannu. Mako mai zuwa, da wannan za a buɗe zama. Idan ya je, a yaba masa. Idan bai je ba, a duba abin da ya hana, ba tare da faɗa ba. Amini ba ya ba da rance daga aljihunsa, domin ranar da ya zama mai bin bashi, ranar ya daina zama amini.

Zama na uku na komawa harkoki ne. Damuwa tana sa mutum ya janye daga majalisa, gona, ɗaurin aure da zumunci, janyewar kuma tana ƙara damuwar. A zaɓi ƙaramin abu ɗaya da ya bari, kamar zaman majalisa bayan magariba ko zagaya gona da safe, ya koma yi ko da ransa ba ya so, domin sau da yawa sai an fara sha'awar ke dawowa. Zama na huɗu a duba mutanen da zai jingina da su: wa, aboki, uwargida, limamin unguwa, a kuma shirya yadda zai buɗe musu maganar. Na biyar a waiwayi abin da ya yi aiki, a rubuta alamomin da za su nuna masa abin na dawowa da matakin da zai ɗauka.

Mataki na biyar: sanin iyaka

Amini ba likita ba ne. Ba ya sanya wa ciwo suna, ba ya ba da magani, ko da na barci ne. Ya miƙa mutum asibiti a ranar, ba jira, idan ya ga ɗaya daga cikin waɗannan: maganar kashe kai ko fatan mutuwa, jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, zargin ana bin sa ko ana sa masa guba, kwana da kwanaki ba barci tare da yawan surutu da ɓarnar kuɗi, ƙin ci da sha, ruɗewa farat ɗaya, musamman da zazzaɓi, don sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kawo haka, mai jego da ta daina kula da jaririnta ko take maganganu barkatai, da wanda ƙwaya irin tiramadol ko kodin ta kama har ba ya iya aiki sai da ita.

Tambayar kashe kai tana da nauyi a bakinmu, amma a yi ta kai tsaye: "Malam, ƙuncin nan ya taɓa kai ka ga tunanin raba kanka da duniya?" Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kira ɗan'uwan da ya yarda da shi, a kwashe maganin feshi da na ƙwari daga gidan. Wannan na da muhimmanci a yankin noma, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da irin waɗannan magunguna suke yi.

Hanyar miƙawa ta fara daga asibitin matakin farko ko Babban Asibitin Gumel, inda za a fara auna jini, suga da hawan jini, tunda ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo na iya kama da damuwa. Daga nan akwai asibitin ƙwaƙwalwa na jiha da ke Kazaure, da na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Gumel zuwa Kano kimanin kilomita 120 ne, don haka kwamiti ya tanadi kuɗin mota da ɗan rakiya tun kafin buƙata ta taso, ya kuma binciki abin da katin inshorar lafiya ta JICHMA na ma'aikaci ke ɗauka.

Iyali da yawa wurin malam za su fara zuwa don ruƙiyya, kuma amini ba shi da dalilin yin jayayya da su. Abin da zai roƙa shi ne a haɗa biyun, kada a tsayar da maganin asibiti, kada a ɗaure mutum ko a doke shi. Yana da kyau a tuna musu cewa damuwa ba alamar raunin imani ba ce: shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiran ta a tarihin Musulunci. Kuma fiye da shekara dubu da ta wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana buƙatar maganin jiki. A gayyaci limamin masallacin ofis zaman horo. Goyon bayansa yana buɗe ƙofofi da yawa.

Mataki na shida: rabon shugaba

Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki ta ba da shawarar a horar da shugabanni su ma. Abin da ake so daga hedimasta, shugaban sashe ko mai kula da asibiti ba shi da yawa. Idan ma'aikaci ya canza, a kira shi gefe kafin a rubuta takarda, a faɗi abin da aka gani kawai: "Hajiya, na ga watan nan kin makara sau da yawa, ba halinki ba ne. Lafiya dai ko?" A tuna mata akwai amini, a bar mata zaɓi. Ba a tilasta wa kowa zuwa, ba a kuma tambayar amini me aka tattauna.

Sauran rabon shugaba shi ne kashin farko na takardun akwati. A raba dutin dare da adalci, a liƙa jadawalin kowa ya gani. A bar mutane su tafi hutun shekara. A daina yi wa babba tsawa a gaban ɗalibai ko marasa lafiya. A saurari ƙorafin mace da ake takura wa, a kuma hukunta mai takurawar. A rage aikin rana tsaka a watannin Afrilu da Mayu da lokacin azumi inda hali ya yi. A lura da matasan malamai na shirin J-Teach da sauran ma'aikatan wucin gadi, waɗanda rashin tabbas ke ci a rai. Bayan babban tashin hankali, irin gobarar tankar fetur ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura cikin Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ma'aikatan da suka ɗauki gawa da masu ƙuna suna buƙatar hutu da kulawa. Kada a tara su a tilasta musu ba da labarin abin da suka gani. A tambayi buƙatunsu, a saurari mai son magana, a sa ido kan wanda mafarkai da firgita suka ƙi sakin sa bayan wata guda.

Mataki na bakwai: dawowa bakin aiki

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa mai lalurar ƙwaƙwalwa bambanci, har a wajen aiki. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta amince da diyya kan lalurar damuwa da aiki ya jawo, bisa sharuɗɗa. Wakilin ƙungiya ya san waɗannan, ya riƙe kwafinsu.

Wanda ya dawo daga jinya a fara masa da rabin aiki na mako biyu zuwa huɗu, a cire shi daga dutin dare na ɗan lokaci tunda wasu magungunan na sa barci, a ba shi ranar komawa asibiti ba tare da dogon bayani ba. A mayar masa da ajinsa ko teburinsa. Ajiye mutum a kusurwa ba aikin yi, da sunan tausayi, yana karya shi fiye da ciwon. Shi ne kuma zai yanke abin da za a gaya wa abokan aiki.

Waɗanda ba su da ofis

'Yan dako da dillalan kara a kasuwar Maigatari, direbobin tasha, mata masu tsintar riɗi da gyaran soɓorodo, duk ma'aikata ne, kuma a cikinsu ne ake yawan shan ƙwaya don a jure wahala. Binciken ƙasa na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. Sarkin kasuwa, sarkin pawa da shugabannin NURTW na iya bin matakan nan yadda suke: ƙungiya ta zaɓi amini, a horar da shi tare da na ofisoshi, a ware ɗan kaso daga kuɗin ƙungiya don kai mara lafiya asibiti.

Kuɗi da auna ci gaba

Abin da shirin ke ci kaɗan ne: kuɗin horo, katin waya na amini, kuɗin mota na gaggawa, da awa biyu ko uku a mako da za a rage wa amini daga aikinsa. Ƙungiya da ma'aikata su raba nauyin. Duk bayan wata uku amini ya ba kwamiti alƙaluma zalla: mutum nawa suka zo, maza nawa mata nawa, wace irin matsala ta fi yawa, nawa aka miƙa asibiti. Idan ma'aikatan ba su da yawa har ana iya gane mutum daga alƙaluman, a haɗa rahoton da na wasu wurare. Shugaba shi ma ya faɗi abin da ya gyara daga nasa kason. Idan wata uku ya wuce ba wanda ya zo, kada a ɗauka kowa lafiya yake. A sake fito da akwatin a tambayi dalili, domin galibi ko wurin zaman ne ya yi fili, ko ba a yarda da aminin ba.

Wanda ke son farawa yana iya kammala shiri cikin wata ɗaya: mako na farko a kafa kwamiti, na biyu a raba takardun tambaya, na uku a zaɓi aminai a aika wasiƙar neman horo, na huɗu shugaba ya sa hannu a ƙa'idojin sirri a gaban kowa. Ranar 10 ga Oktoba, Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, ta dace da ƙaddamarwa, amma duk ranar da aminai suka gama horo ta isa a buɗe ƙofa.